Yadda Ake Zanen Zambo a Kan Auren Sarakunan Da

Duk yaron da ya zo wurina koyon zanen barkwanci, abin da yake fara roƙo shi ne in nuna masa yadda ake ja wa mutum hanci ko a kumbura masa tumbi. Nakan ce ya ajiye fensir tukuna, hanci shi ne na ƙarshe. Na daɗe ina wannan aiki a nan Kano, kuma a cikinsa babu abin da ya kai mini zanen aurarrakin sarakunan da suka shuɗe daɗi, saboda auren sarauta kusan kullum ciniki ne. Ana sayen zaman lafiya da shi, ko magaji, ko ƙasa, ko a biya bashi. A ƙofar fada ana busa kakaki, a ɗakin ciki ana lissafi. Idan ka iya haɗa kakakin da lissafin a takarda ɗaya, ka yi zanen zambo.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sarki na da wawansa mai faɗa masa abin da hakimi ba zai iya ba. Da azumi Nalako na bin gwauraye da tashe, maroƙa kuma sun san inda zambo ya tsaya da inda habaici ya fara. Bambancin kawai, naka a takarda yake, takarda kuwa ba ta mantuwa.

Kayan aiki

Ka nemi fensir biyu, HB na shata layi da 2B na inuwa, da kilina mai laushi wadda ba ta cin takarda, da rula, da reza ta fiƙe fensir. Takarda iri biyu: ta banza mai yawa don gwaji (bayan tsofaffin takardun fotokwafi ya isa), da farin kwali mai santsi don aikin ƙarshe. Shagunan littattafai na Sabon Gari na da duk wannan.

Wajen tawada akwai zaɓi. In kana da hali, sayi alƙalamin zane mai siririn baki da maka baƙa don cike wurare. In babu, shiga Kasuwar Kurmi ka sayi alƙalamin gamba da tawadar allo. Ni har yau na fi son layin gamba, domin yana yin kauri yana yin siriri gwargwadon yadda ka danna, abin da biro ba zai taɓa ba ka ba. Amma ka sani tawadar allo don a wanke aka yi ta. Ɗigon ruwa ko gumin hannu ɗaya ya isa ya ɓata aikin yini, kuma ba a ɗora mata launi mai ruwa. Sai Tipp-Ex na gyara, da wani ƙyalle ko guntun takarda da za ka sa a ƙarƙashin hannu. Mai waya mai ɗan girma zai iya yin komai a manhajar ibisPaint, amma ya fara koyo a takarda.

1. Zaɓi wanda za ka zana

Wannan matakin ne ke raba mai kwana a gida da mai kwana a caji ofis, don haka zan daɗe a kansa.

Ka zaɓi sarkin da ya mutu da daɗewa, wanda labarinsa ke rubuce, kuma zai fi maka sauƙi idan na wata ƙasa ne. Turai cike take da su. Henri na Takwas na Ingila ya yi aure shida, ya sa aka fille kan biyu daga cikin matan. Ta huɗu, Anne ta Cleves, hotonta mai zane Holbein ya kawo masa, ya gani ya amince, da ta iso ya ce ba haka aka yi ba. An ɗaura a Janairun 1540, kafin Yuli ya ƙare an warware. Duk wanda aka taɓa aika wa hoton da waya ta gyara ya fahimci wannan labari ba sai an yi masa bayani ba. Ga Napoliyon na Faransa, wanda ya rabu da Josefin saboda ba ta haifa masa magaji ba, ya auro Mari-Luwiz, 'yar sarkin Ostiriya da ya sha ci da yaƙi, a 1810, yana da shekara 40 tana da 18.

Abin da ba a kusanta: Annabawa, Sahabbai, waliyyai da shehunnai, ko da wasa. Sarki mai rai da iyalinsa ma ka bar su, balle a garin da maganar sarauta ke raba wa da ƙani. Akwai dokar ɓata suna, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha idan bugawa za ka yi. Kada ka ɗauka Turawa sun wuce nan: a 2007 kotu a Sifen ta ci masu zane biyu na mujallar El Jueves tarar Yuro 3,000 kowanne saboda zanen yarima mai jiran gado da matarsa. Game da hukuncin zana mai rai kuwa, malamai sun yi magana, ka tambayi naka kafin ka mai da abin sana'a.

In kana son na gida, akwai dabara. Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya tara mata dubu a gidansa. Na taɓa zana wannan ba tare da na zana shi ba: jakadiya ce kawai zaune da allo mai tsawon ƙofar gari tana lissafin ranar girki, gumi na zuba, sai takalmin gashin jimina a bakin ƙofa. An yi dariya, ba wanda ya ji an taɓa shi.

Wata hanyar ita ce ƙirƙirar sarkin da babu shi, amma a nan na taɓa ƙonewa. Na zana wani sarkin ƙarya da amaryarsa, don ƙawa na naɗa masa rawani mai kunne biyu, na riƙa masa tagwayen masu. Kafin la'asar masu sharhi a Facebook sun raɗa masa suna, kowane ɓangare na cewa na wancan ne, wayata kuma ba ta huta ba sai da na cire zanen. Tagwayen masu na Kano ne. Sarkin ƙarya sai kayan ƙarya.

2. Tono cinikin

Bari mu ɗauki aure ɗaya mu bi shi har ƙarshe: na Yarima Joji na Ingila, wanda daga baya ya zama Joji na Huɗu, da Karolin ta Brunswick, ranar 8 ga Afrilu 1795.

Ka karanta har ka iya amsa tambaya uku: me ango ya samu, me dangin amarya suka samu, me ya faru bayan an watse. Joji mutum ne mai almubazzaranci, bashin da ke kansa ya haura fam 600,000. Ya yarda da auren ne don majalisa ta ƙara masa kuɗi a rage bashin. Karolin 'yar gwaggonsa ce, auren zumunci ke nan, amma ba su taɓa haɗuwa ba. Tun 1785 ya riga ya auri wata bazawara, Maria Fitzherbert, a ɓoye, auren da doka ba ta amince da shi ba. Ranar da aka gabatar masa da amarya, ya juya ya ce ba ya jin daɗi a kawo masa giya. Ita kuma ta ce ya cika ƙiba, bai yi kama da hotonsa ba. A buge ya je ɗaurin auren. Sun haifi 'ya ɗaya, Shalot, a 1796, suka rabu. Da ya hau gado a 1820 ya nemi majalisa ta raba auren, talakawan Landan suka goyi bayanta, maganar ta mutu. Ranar naɗinsa a Yulin 1821 ta zo aka rufe mata ƙofa, bayan 'yan makonni ta rasu.

Rubuta irin wannan a takarda, da shekaru. Kuskuren sabon hannu shi ne ya dogara da bidiyon minti ɗaya da ya gani a TikTok. Ƙarin gishiri a fuska halal ne a wannan sana'a, a tarihi kuwa haramun ne. In ka zana abin da bai faru ba, mai karatu ɗaya zai kwance maka zani a kasuwa.

3. Matse labarin ya koma jimla ɗaya

Duk abin da na lissafa a sama zane goma ne. Kai ɗaya za ka yi. Tawa jimlar ita ce: “Ango ya auri mai biyan bashi.” In jimlarka na da “kuma” a tsakiya, raba ta, ka ajiye rabi don wani makon.

4. Nemo siffar mutumin

Yanzu ka ɗauki fensir. Nemo hotunan mutumin uku ko huɗu, ka dube su sosai, sannan ka kife wayar ka zana shi da ka. Abin da ya maƙale maka a rai bayan ka daina kallo, shi ne abin da za ka ƙara wa gishiri.

Kafin ido da baki, tambayi kanka: da wane abu ya yi kama? A Nuwamban 1831 an gurfanar da Charles Philipon, mai jaridar La Caricature, a kotun Faris kan cin mutuncin Sarki Luwi-Filip. A gaban alƙalai ya yi zane huɗu a jere. Na farko fuskar sarki ce sak, na biyu kumatu sun ɗan sauko, na uku goshi ya tsuke, na huɗu ya zama wani ɗan itace mai tsukakken sama da faɗin gindi kamar fiya, wanda Faransawa ke kira “poire”, kalmar da kuma suke kiran sakarai da ita. Hujjarsa ita ce, in na farko laifi ne saboda kama, to sai a hukunta ɗan itacen ma. Bai tsira ba, an ɗaure shi wata shida, an kuma ci shi tara, amma daga ranar yara suka cika bangon Faris da zanen ɗan itacen. Ka yi wannan atisaye na zane huɗu ga duk wanda za ka zana. Babu darasin da ya fi shi.

Joji a wurina tulu ne: ƙaramin kai, babu wuya, ciki ya yi gaba, ƙafafu sirara. Henri na Takwas ƙyauren ƙofa ne mai ƙafa biyu a buɗe. Napoliyon kuwa mai zane James Gillray na Landan ya riga kowa, ya mai da shi ɗan ƙaramin mutum cikin ƙatuwar hula da manyan takalma, har duniya ta yarda gajere ne alhali tsayinsa daidai yake da na mutanen zamaninsa.

Abu ɗaya ko biyu ake ƙarawa, sauran a rage su. In ka ƙara hanci da kunne da leɓe da ido gaba ɗaya, dodo ka zana, kamar ta ɓace. Sannan ka bambanta abin da mutum ya jawo wa kansa da abin da Allah Ya ɗora masa. Tumbin Joji cin abinci da shaye-shaye ne suka gina shi, kuma da kuɗin jama'a, don haka fagenka ne. Amma Carlos na Biyu na Sifen, wanda ya rasu a 1700 babu magaji, doguwar haɓarsa da rashin lafiyarsa gadon auren dangi ne da gidan sarautarsu na Habsburg suka yi ta maimaitawa don kada mulki ya fita waje. In za ka yi zambo a nan, kakannin da suka ƙulla auren za ka zana, da bishiyar dangi wadda rassanta ke komawa cikin kututture. Majinyacin ka ƙyale shi.

5. Kawo labarin gida

Mai kallonka a Fagge ko Gwammaja bai san majalisar Ingila ta 1795 ba, amma ya san lefe. Nan ne daɗin aikin yake. A nawa zanen, dangin ango sun jere akwatunan lefe a tsakar gida, an buɗe na farko, maimakon atamfa da leshi sai takardun bashi suka tuttuɗo. Ƙannen uwar amarya sun riƙe haɓa. A bakin zaure masu bin bashi sun yi layi, tela da tef ɗin awo a wuya, mai doki, mai sayar da turare, kowa da 'yar takardarsa, su ne 'yan ɗaurin aure. Ango tulu yana tsaye, hannu ɗaya a kafaɗar aboki don kada ya faɗi, idonsa na kan jakar kuɗin da wani dattijo ya riƙe, bai ko kalli inda amarya take ba. Can bayan labule ana hango ƙafar wata mace: uwargidan ɓoye.

Ka lura, al'adar ce kawai na aro. Tufafin na bar musu nasu, kwat mai tsukakken ƙugu, farin wando, gashin kanti, tauraro a ƙirji. Da zarar ka sa wa Bature alkyabba da rawani, ka koma matsalar da na faɗa a mataki na farko. Je Gidan Makama ka kalli kayan sarautarmu da kyau, don ka san abin da za ka kauce wa.

Wani lokaci kaya kaɗai sun isa. Gillray ya taɓa zana auren ƙanin Joji a 1792 da takalma kawai, manya na ango da 'yan ƙanana na amarya, babu fuska ko ɗaya. Yadda ya jera su ba zai shiga gidajenmu ba, amma dabarar ta barin kambi, kujera ko takalmi su yi magana, ka riƙe ta.

6. Amarya

Yawancin matan nan ba a tambaye su ba. An ɗauko yarinya daga ƙasarsu an kai ta inda ba ta jin harshe, don maza biyu sun yi yarjejeniya. Masu zanen Landan sun yi wa Karolin rashin mutunci iri-iri, kuma waɗannan zanen ne suka fi tsufa da muni. Ni nakan bar amarya da kamanninta na gaskiya, in sa dukan maganar a idonta. A zanen lefe tana kallon wani ɗan hoto na kyakkyawan saurayi da ke hannunta, tana kallon tulun da ke gabanta. Kada ka zana tsiraici ko ɗakin kwana. Ban da haramci, alama ce ta cewa dabara ta ƙare maka.

7. Tsara shafi

Yi ƙananan zane shida zuwa goma, kowanne bai wuce kwalin ashana ba, kana sauya wurin mutane. Idon mai karatun boko daga hagu yake farawa, don haka sa abin girma a hagu, abin kunya a dama, ya zama dariyar na jiran sa a ƙarshe. In rubutun ajami za ka sa, juya tsarin. Wanda ya fi karantuwa a ƙanƙane shi ne zai karantu a waya. Shi za ka faɗaɗa a kan kwali da HB, hannu sake, kada ka danna. In ka riga ka yi mai kyau a takardar banza, manna ta a gilashin taga da rana, ka ɗora kwalin ka bi layin.

8. Tawada

Fara daga sama ta hagu ka gangaro, in kai bahago ne ta dama, don hannu kada ya bi ta kan ɗanyen layi. Abin da ke gaba a yi masa layi mai kauri, na baya siriri. Zaɓi wuri biyu ko uku ka cike da baƙi ƙirin, kamar kwat ɗin ango da bakin zaure, su ne za su riƙe ido. Fuska kuwa layi kaɗan: gira da gefen baki su ke ɗauke da hali.

Da hunturu tawada na bushewa a bakin alƙalami kafin ka kai takarda, sai ka riƙa tsomawa kaɗan-kaɗan kana gogewa. Da bazara gumi ne abokin gaba, yi aikin bayan asuba. Ko yaya kake sauri, ba a goge fensir sai an ba tawada kamar rabin awa. Na ɓata zane da yawa a wannan gaɓar fiye da kowace.

9. Rubutu

Kalma goma ta yi yawa. A ƙasan nawa na sa: “Lefe ya iso. Landan, 1795.” Wuri da shekara dole ne, su ne shaidarka cewa tarihi kake bayarwa. Karin magana na aiki sosai in ta zauna daidai, “kwaɗayi mabuɗin wahala” za ta hau wannan zanen, amma kada ka bayyana dariyar da rubutu. In kana sa magana a bakin sarki, ta zama a fili cewa raha ce, kada ta yi kama da abin da ya faɗa da gaske. Rubuta haruffan da fensir tukuna, ka duba ƙ da ɗ da ɓ, sannan ka zagaye su da kumfar magana. Masu fara zana kumfar kullum sai wuri ya ƙare musu.

10. Gwada shi kafin ya fita

Nuna wa mutum uku ba tare da ka ce komai ba: abokinka, wata mace a gidanku, da dattijo ɗaya. Ni wani tsohon tela ne a layinmu, nakan miƙa masa in ce, “Baba, me ka gani?” In ya yi shiru yana juya takardar, zanen bai nuna ba. In ya ce, “Kai, wannan ai wane ne,” ya ambaci wani mai rai, to ko da ba shi ka nufa ba, koma ka sauya fuskar ko kayan. In mace ta ɓata rai maimakon dariya, duba abin da ka yi wa amarya.

Akwai kuma gwajin da ba a zata. A 1820 fadar Joji ta ba mai zane George Cruikshank fam 100 don ya daina zana sarki cikin halin rashin ɗa'a, ya karɓa. Kai ma wata rana wani zai kira ka, ko don ka cire zane, ko don ka zana masa abokin hamayya da rigar wani sarkin da. Na biyun ya fi haɗari, domin sunanka ne a ƙasan takardar, nasa ba ya nan.

In komai ya yi, ɗauki hoton a inuwa da safe, kusa da ƙofa, wayar na daidai saman takardar, ba filasha. Ƙara haske kaɗan har takardar ta yi fari, ka tabbata sa hannunka na cikin zanen inda ba za a iya yanke shi ba. Ka rubuta layi biyu na tarihin a ƙarƙashi don wanda bai san Joji ba. Asalin kuma ka sa shi cikin leda, ka ajiye a kwance tsakanin kwalaye biyu, nesa da bango saboda gara.